Farin Ƙyalle a Yatsan Kawu

Ƙyallen na fara gani. Kwanana uku a Riyad, ina amarya, ban gama sanin inda alƙibla take a ɗakina ba, aka ƙwanƙwasa ƙofar gidanmu a unguwar Shifa. Maigidana, wanda karatu ya kawo shi garin, ya buɗe, sai ga wani dogon dattijo ya shigo riƙe da jallabiyoyi biyu a jikin maratayi, sun sha guga sun tsaya ƙyam kamar da mutane a cikinsu. Da ya miƙa su na ga babban yatsansa na dama a naɗe da farin ƙyalle, an ɗaure shi tsaf da zaren ɗinki. Sai daga baya na ɗaga kai na kalli fuskarsa, na ga goshin mahaifiyata da idanunta. Kawuna ne, wanta, wanda rabona da shi tun ina 'yar shekara bakwai.

Shekara ɗaya da rabi bayan wannan ranar ya rasu. A zaman makoki, kusan duk wanda ya buɗe baki sai ya ambaci ƙyallen nan.

Mata sun cika falona, yawancinsu 'yan Maraɗi da Damagaram masu aikatau a gidajen Larabawa, kowacce ta roƙi awa biyu ta zo. Wata mai sayar da tuwo ta ce ita a zatonta ciwo ne da ya ƙi warkewa, har ta taɓa aika masa da magani. Wata ta ce ta ɗauka laya ce, ta yi ta jin nauyin tambaya. Sai gardama ta tashi a hankali, irin ta gidan mutuwa, da murya ƙasa-ƙasa: wannan ta ce a hannun dama yake ɗaurawa, waccan ta rantse a hagu ta gani. Maigidana ya dawo daga zaman maza a unguwar Dira ya ce can ma haka. Ya ce kafil ɗin Kawu, wato Balaraben da ya ɗauki nauyin zamansa kuma mai shagon wankin da yake aiki, ya zo ya zauna har aka yi la'asar, yana ta maimaita cewa shekara goma sha ɗaya Kawu bai taɓa ƙona wuyan riga ba.

Masu dama da masu hagu duk gaskiya suka faɗa. Ni na tashi na shige kicin na tsaya gaban tukunyar shayi, don a cikin matan nan ni kaɗai na san dalilin da ya sa ƙyallen ya tashi daga wannan hannu ya koma wancan.

An binne shi a nan Riyad, a maƙabartar da ba a rubuta suna. Bai bar ɗa ba. Idan ban rubuta ba, nan da 'yan shekaru ba wanda zai san an yi shi.

Kawu ma'aikacin gwamnati ne a can gida, kuma aikinsa auna ruwan sama. Shekara talatin yana wani gari a kudancin Maraɗi, yana tashi da safe ya duba mazubin da aka kafa a fili, ya aika wa manya abin da ya sauka. Ya ce manoma ba sa tambayarsa lafiya, sai dai su ce, “Nawa aka yi jiya?” Da ya yi ritaya aka yanka masa fansho. Ba a daɗe ba matarsa, wadda muke kira Inna, ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Fanshon ya ishe su ci da magani, amma bai kai ya biya matar da za ta riƙa juya ta da yi mata wanka ba. Shi ya sa, da furfurarsa, ya bi samari ya zo wankin kaya a Dira. Ƙanensa ke karɓo fanshon ya kai wa Inna, shi kuma abin da ya samu a nan ya tura wa mai jinya.

Ni kuwa na tashi da littattafan soyayya, irin waɗanda muke haya a kasuwa muna ɓoyewa cikin littafin makaranta. Rabin akwatin da na zo da shi su ne. Don haka da na ji labarin Kawu da Inna, nan take na gina musu nasu littafin a raina. Na yi ta jan sa da tambaya: ina suka fara haɗuwa, wace kalma ya fara faɗa mata. Ya ce a zauren babanta suka haɗu, kuma abin da ya fara ce mata shi ne ta matsa, ta taka masa takalmi. Na ƙi yarda. Ya yi dariya har da tari, ya ce in na ga dama in ƙara masa wata da taurari, shi ba zai ƙaryata ni ba.

Amma akwai abin da yake yi wanda ban taɓa karanta irinsa ba. A saman rufin shagon ya ajiye wani gwangwanin madara. Garin nan sai a yi watanni sama ba ta ce komai ba, gwangwanin yana cika da ƙura, yana hawa yana gogewa. Ranar da aka yi yayyafi kuwa, sai ya bar guga ya haye da 'yar rularsa, ya auna, ya kira Inna a waya. Harshenta ya yi nauyi tun faɗuwar, magana tana yi mata wuya, don haka shi ke yin zancen. Na taɓa jin sa yana ce mata, “An yi yau. Bai kai faɗin farce ba, amma an yi.” Ya saurara, sannan ya kashe. Iyakar hirar ke nan.

Sau ɗaya muka yi faɗa. Wata Juma'a, kaina cike da wani littafi da na gama, na ce masa in da so ne na gaskiya da yana gefenta, ba ya nan yana wanke rigunan mutane ba. Ya ajiye kofin shayinsa, ya sa takalmi, ya fita bai yi sallama ba. Juma'a uku bai zo ba. A ta huɗu ya shigo da ledar dabino, ya zauna inda ya saba, ya daɗe yana kallon darduma.

“Na zauna gefenta wata takwas, ɗiyata,” ya ce. “Ina kallonta, tana kallona, tukunya tana kallonmu.”

Daga nan bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban sake ba.

Labarin ƙyallen kuwa ga shi. Shekara huɗu kafin zuwana, Kawu ya je gida hutu, ya tarar ana yi wa 'yan fansho sabuwar rajista da na'urar ɗaukar zanen yatsa, abin da a nan ake kira basma. Ya yi layi, aka ɗauka, aka ba shi 'yar takarda, ya dawo. Daga baya, gab da zuwana, aka sanar cewa duk shekara za a riƙa turo tawaga ta tantance waɗanda ke ƙasashen waje, kowa ya ɗora yatsa na'ura ta shaida yana raye. Wanda ba ta gane ba, a dakatar da fanshonsa.

To, ruwan bilic da sabulun wanki suna cin zanen yatsa. Duk mai wanki a Dira ya san haka; akwai waɗanda ko wayarsu ba ta gane su. Da Kawu ya ji sanarwar ya dubi hannayensa, ya ga sun yi sumul kamar bayan cokali. Sai ya yi lissafi irin na tsohon ma'aikaci. Tun yana saurayi, duk takardar gwamnati da ya taɓa dangwalawa, da babban yatsan dama ya dangwala ta. Ya yanke shawarar ya ceci wannan ɗaya. Ya naɗe shi da ƙyalle, in zai shiga ruwa ya rufe da leda, ya koya wa hagunsa cuɗa wuyan riga da matse kaya. Hagun ta ɗauki duk wahalar, ta tsage, ta yi fari, bai damu ba.

Ni ce mai jinyar yatsan. Duk Juma'a bayan masallaci zai zo, in kwance zaren, in shafa masa man kaɗanya da mahaifiyata ta sa mini a kaya. Sai mu matsa bakin taga ya ɗaga shi cikin haske.

“Kina ganin layuka?”

Da farko ba na ganin komai, sai in ce sun kusa. Wajen wata na huɗu suka fara fitowa, sirara, suna kewaya juna. Ranar ya sa na kira maigidana daga karatunsa ya zo ya gani. Maigidana ya tsokane shi, ya ce yatsan nan ya fi kowa hutu a Riyad, ko iƙama, takardar izinin zama, ba ya nema. Kawu ya ce ai shi ne babban ma'aikaci a gidan, sauran tara duk 'yan rakiya ne.

Takardar rajistar kuwa tun farkon zuwana ya ba ni ajiya, ya ce ɗakinsu tururin guga ya jiƙa komai. Na sa ta cikin littafin da nake karantawa. Da na gama shi na mayar da ita cikin wani. Ta zama alamar shafina.

Ranar tantancewa maigidana yana da jarrabawa, ni na raka shi. Wani zaure aka kama a wajen unguwar Murabba. Tsofaffi ne zaune a jere, wasu da sanda, ɗaya an turo shi a keken guragu, kowa riƙe da leda mai takardu. Kawu ya sa farar rigarsa ta Idi. Da aka kira shi ya zauna gaban jami'in, ya kwance zaren a nutse, ya ninke ƙyallen ya sa a aljihu, ya miƙa yatsan. Fatar ta yi laushi, ta fi ta sauran jikinsa haske, kamar ta jariri.

Jami'in mutum ne mai ladabi. Ya dubi allonsa, ya dubi Kawu.

“Baba, ba wannan ba. Manuniyar hagu aka ɗauka maka.”

Kawu ya ce a sake dubawa. Aka sake. Sai a lokacin ya tuna: ranar rajistar an fara sa su dangwala tawada a wata takarda, na'urar ta ƙi karɓar yatsa mai tawada, ma'aikacin ya ja ɗayan hannun ya danna, ya ce na gaba. Abin bai ɗauki daƙiƙa biyar ba. Ko a ransa bai ajiye shi ba.

Ya ɗora manuniyar hagu. Fitila ta yi ja. Jami'in ya ce ya hura mata iska, ya goga a goshi, ya jiƙa da ruwa. Ja. A cikin tsofaffin da ke baya wani yana ta salati a hankali. Kawu ya ce, “To ga ni zaune gabanka, ɗana. Kana ganina.” Jami'in ya sunkuyar da kai ya ce yana ganinsa, wallahi yana ganinsa, amma ba shi ke sa hannu ba, na'urar ce. Ya ce ko gida Kawu ya tafi, wannan yatsan za a nema. Za a dakatar da fanshon har tawaga ta dawo baɗi.

Da muka fito ya tsaya a inuwar wani bango, motoci suna wucewa. Ya daɗe yana kallon babban yatsan nan. Sannan ya ce, “Na yi kiwon wanda ba a nema ba.” Ya zaro ƙyallen daga aljihu, ya miƙo mini manuniyar hagu, ya ce in ɗaure. A bakin titi na ɗaure ta.

Da na koma gida na ɗauko littafin na zaro takardar na juya bayanta. Zanen hannaye biyu ne a buɗe, an sa alamar jan biro a kan manuniyar hagu.

Na san zanen nan. Na gan shi ya fi a ƙirga. Duk sanda na rufe littafi idona yana sauka a kansa, har na taɓa raya wa kaina cewa hannayen masoya ne biyu da suka kusa haɗuwa. Wata bakwai ina shafa wa yatsan dama mai, amsar tana kan gadona a tsakanin shafuka.

Sati biyu ban iya cin abinci sosai ba. A Juma'a ta uku na ajiye takardar a gabansa, bayanta a sama, na faɗa masa komai, har da zancen masoyan. Na so ya yi mini faɗa. Na so ya sa takalmi ya fita kamar wancan karon. Ya ɗauki takardar ya nisanta ta da idonsa, ya duba, ya ajiye.

“Shekara huɗu tana aljihuna ban juya ta ba,” ya ce. “Ke da kika zo jiya za ki ɗauki laifin? Kawo man nan.”

Ya miƙo hagun. Ban taɓa jin nauyin yafiya irin na ranar ba, kuma har yau ban sauke shi ba.

Shekarar da ta biyo baya ita ta cinye shi. Ya hana a faɗa wa Inna. Ya ce wa ƙanensa ya ci gaba da kai mata abin da ya saba a ranar da ya saba, ya ce daga gwamnati ne. Don ya cike gurbin ya karɓi wankin darduma bayan an tashi aiki, mai nauyi, wanda samari ma suke gudu, kuma da hannun dama kaɗai. Babban yatsan da muka yi wa gata ya koma ruwa, cikin wata guda layukansa suka goge. Abincinsa ya koma gurasa da shayi. In na zuba masa tuwo sai ya ci rabi ya ce a ƙulle masa sauran, daga baya na ji abokin ɗakinsa yake kai wa, wani dattijo ɗan Damagaram da ƙafa ta hana shi aiki. Maigidana ya so ya taimaka daga ɗan abin da ake ba ɗalibai, Kawu ya karɓa sau biyu, a na uku ya ce kar mu mai da shi abin tausayi.

Rigarsa ta riƙa yi masa yawa. Amma duk Juma'a yana bakin taga da yatsa a sama, yana tambayata layuka. Sun fi na dama jinkiri, don hagun ta fi shan wuya. Ya ce ba komai, ya saba jiran abin da ke zuwa a hankali, aikinsa ke nan tun asali.

Saura wata biyu tawaga ta dawo, da hantsi, cikin tsananin zafi, ya jingina da teburin guga ya ce a ba shi ruwa. Kafin a kawo ya zame ƙasa. Abokan aikinsa sun ce sai da ya tsayar da dutsen gugar a kan gindinsa, ya janye rigar da ke ƙarƙashi, sannan ya faɗi.

Dattijon nan abokin ɗakinsa yana cikin waɗanda suka yi masa wanka. Bayan kwana uku ya aiko mini da ƙyallen a cikin ambulan, da saƙo ta bakin maigidana. Ya ce a faɗa wa ɗiyar Kawu, da ya kwance yatsan ya duba, layukan sun fito raɗau, kamar kunyoyin gona bayan huɗa. Ya ce ko makaho ya shafa zai ji su.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya masa makwanci fiye da yadda garin nan ya taɓa sanyaya masa. Allah ya karɓi wahalar hannayensa biyu, ya shaida shi a ranar da gaɓɓai za su yi magana.

Maigidana ya yi zirga-zirgar takardar mutuwa, aka fassara, aka buga hatimai, muka aika gida. Ba a nemi yatsan kowa ba. Cikin 'yan watanni aka buɗe wa Inna kason da ake ba matar mamaci. A lokacin ne ƙanen Kawu ya faɗa mata gaskiyar shekarar da ta wuce. Ya ce da farko ya zaci ba ta fahimta ba, sannan ta haɗa kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ta ce da ransa ba su gane shi ba, da ya mutu sun gane shi nan take.

Ni dai har yanzu in na wuce shagon wanki a Dira na ji ƙamshin tururi, sai in ga kamar zan hango dogon mutum a bayan rigunan da aka rataye. Littattafan suna nan a akwati. Nakan karanta jefi-jefi, amma duk takardar da ta shigo hannuna, ko ta kantin magani ce, sai na juya bayanta.

Sai bayan shekara shida na samu zuwa Maraɗi, da damina. Na tarar da Inna a rumfar tsakar gida, an jingina ta da matashi, ta ƙanƙance, idanunta dai garau. Kason da take karɓa ya riƙe ta. Wata jikar ƙanen Kawu ce ta dawo gidan take kula da ita. A tsakiyar fili, inda ba rufi, an ajiye gwangwanin madara a kan bulo.

Yanzu ita ake kaiwa tantancewa duk shekara, a ɗauke ta a sa a mota. Hannunta na dama ya ƙanƙame ba ya buɗuwa, don haka da suka zo yi mata rajista, manuniyar hagu suka ɗauka. Inna ba ta wanki, ba ta girki, ko kofi ba ta ɗaurayewa. Na'urar ba ta taɓa ƙin ta ba. Amma yatsan yana naɗe da farin ƙyalle, an ɗaure da zaren ɗinki.

Na durƙusa na yi mata gaisuwar da ta makara shekara shida. Na fara ba ta labarin takardar da littafin, ta girgiza kai, ta nuna ta riga ta sani. Ta miƙo mini hannun.

“An ce ke ce mai dubawa,” ta ce, a hankali, kalma tana jan kalma.

Na kwance zaren. Na juya yatsan wajen haske. Hadari ya haɗo ta gabas, ɗigon farko ya faɗa cikin gwangwanin, muka ji ƙararsa mu biyu.

“Kina ganin layuka?”

Na ce ina gani, Inna. Suna nan duka.

“To naɗe shi,” ta ce. “Kar ruwa shi taɓa.”